Rabin tuli ba rabin riba ba ne: amsa kan lissafin Omaha Hi-Lo a ƙananan tebura

Ga tambayar da aka aiko kan wasan karta na poker, inda tuli ke nufin kuɗin da 'yan wasa suka tara a tsakiyar tebur: "Na bar Hold'em na koma Omaha Hi-Lo, a teburin dala 2/4 mai ƙayyadadden zubi, wani lokaci kuma nakan taɓa mai iyakar tuli. Ina yawan cin rabon ƙasa, mai rabo yana turo mini ƙwaya fiye da yadda na saba gani, amma in na tashi sai na tarar kuɗina sun ragu. Lissafin da na sani, na auna abin da zan biya da abin da ke cikin tuli, kamar ba ya aiki a nan. Ina kuskuren yake?"

Ɗan'uwa, lissafin bai lalace ba, awo kake yi da mudun wata kasuwa. A Hold'em in ka ci, tulin duka naka ne, shi ya sa kake iya auna abin da za ka biya da tulin gaba ɗaya. A nan kuwa mai neman ƙasa kaɗai rabi yake nema, kuma a cikin rabin nan akwai kuɗin da shi kansa ya zuba. Ƙwayar da ake turo maka tana faranta rai, amma yawancinta taka ce ta je ta dawo.

Bari mu daidaita harshe tukuna, don kada in ce gabas ka ji yamma. Kati huɗu ne a hannunka, biyar a tebur na kowa da kowa (uku su fito tare, su ne ukun farko, sai na huɗu, sai na ƙarshe), kuma dole ka yi amfani da biyu cif daga hannu, uku cif daga tebur. Rabin tuli na hannun sama ne, wato mafi ƙarfi kamar a Hold'em, rabi na hannun ƙasa, wato mai mafi ƙananan katuna, kuma kana iya haɗa biyun da kake so don sama, ka haɗa wasu biyun don ƙasa. Ƙasa ba ta ƙulluwa sai da kati biyar mabambanta daga 8 zuwa ƙasa, A tana matsayin ɗaya. Jere (kati biyar bi da bi) da fulash (kati biyar masu alama iri ɗaya) ba sa ɓata ƙasa, saboda haka A-2-3-4-5 ne mafi kyau, kuma shi ɗin jere ne da ke iya cin sama. Ana karanta ƙasa daga babban kati a gangaro: 7-6-5-4-3 ya buge 8-4-3-2-A, duk da na biyun ya fi kyau a ido. Hannun da babu mai iya buge shi a kan katunan da ke tebur zan riƙa ce masa zakara, zakaran sama ko zakaran ƙasa. In tebur bai fito da ƙananan katuna uku mabambanta ba, babu ƙasa ke nan, mai sama ya kwashe duka. In ka lissafa duk yadda kati biyar za su iya fitowa, sau 60 cikin 100 ne tebur ke ba da damar ƙasa. Sauran 40 ɗin, mai A-2 tsirara, wato ba tare da abin sama ba, ya zo kallo ne.

To, ga inda kuɗinka ke zurarewa. Ku uku ne, kowa ya zuba dala 20, tuli ya zama 60. In ka kwashe duka, ribarka 40. In ka ci rabi, an ba ka 30, ribarka 10. Dubi tazarar da kyau: a tuli, duka ninki biyu ne na rabi, amma a aljihu ninki huɗu ne. Sai ka ci rabi sau huɗu kafin ka kamo wanda ya share tuli sau ɗaya. In kuwa ku biyu ne kawai kuka raba, ka zuba 20 ka karɓi 20, aikin baban giwa. Wannan shi ne tushen wasan, duk abin da zan faɗa a gaba reshe ne.

Hanyar da nake bi a tebur mai sauƙi ce, kuma ba sai ka zubar da lissafin da ka sani ba. Abin da za ka biya, ka raba shi da jimlar tulin bayan ka biya, wannan shi ne kason da kake buƙata. Sai ka ƙirga katunan da za su cece ka, amma kowane kati ka ba shi nauyin abin da zai kawo maka. Wanda zai ba ka tuli duka, kati guda ne. Wanda zai ba ka rabi, rabin kati ne. Wanda zai ba ka kwata, kwatan kati ne. Shi ke nan.

Mu gwada da teburinka na 2/4, inda zubi dala 2 ne a zagaye biyu na farko, 4 a biyun ƙarshe. Kana riƙe da A-2 da wasu manyan katuna biyu da ba su haɗu da komai ba. Tebur ya nuna 4-7-K, kati na huɗu ya zo Q. Akwai dala 24 a tuli, wani ya zuba 4, sauran suka ajiye, saura kai. In ka bi, tuli ya zama 32, kason da kake buƙata 4 cikin 32, wato kashi 12.5 cikin 100. Katunan da za su ƙulla maka ƙasa su ne 3, 5, 6 da 8, kowanne guda huɗu, 16 ke nan cikin 44 da ba ka gani ba. Ɗan Hold'em zai ce kashi 36. Amma rabin kati ne kowanne, saboda haka 8 cikin 44, kashi 18. Har yanzu 18 ya fi 12.5, sai ka bi. Yanzu ɗauka tulin 12 ne kafin ya zuba 4 ɗin. In ka bi ya zama 20, kana buƙatar kashi 20. Mai ƙirgen 36 zai bi da murmushi, alhali 18 gare shi, kuma ko 18 ɗin ba tsarkakakke ba ne, kamar yadda za mu gani. Irin wannan ƙaramin bin, dala huɗu nan, dala huɗu can, shi ne ke cinye mutum ba tare da ya ji zafi ba.

Kwatanta da wannan hannun a kan tebur makamancinsa. Kana da A♥ 2♥ J♣ 9♦, tebur 4♥ 7♥ K♠ Q♦, kuma kana zaton mai zubin yana riƙe da K biyu, wato K uku gare shi. Zuciya (♥) tara ce ta rage. K♥ da Q♥ ka cire su, domin suna maimaita katin tebur, fulash ɗinka ya mutu a hannun wanda ya haɗa uku da biyu ko huɗu iri ɗaya. Saura bakwai. Huɗu daga ciki, 3♥ 5♥ 6♥ 8♥, suna ba ka fulash mai A da zakaran ƙasa lokaci guda. Uku, 9♥ 10♥ J♥, suna ba ka fulash a teburin da babu ƙasa. Duka bakwai ɗin tuli sukutum ne. Ƙara 10 guda uku da ba zuciya ba, waɗanda ke ba ka jeren A-K-Q-J-10, sun zama goma. Sai ƙananan katuna 12 da ba zuciya ba, masu ba da rabi, nauyinsu shida. Jimla 16 cikin 44, kashi 36. A-2 ɗin nan dai ita ce a hannayen biyu, amma ɗaya darajarsa ninki biyu ce ta ɗaya, kuma bambancin duka daga ɓangaren sama ya fito.

A mai ƙayyadadden zubi kuskuren nan ciwo ne mai cin jiki a hankali. A mai iyakar tuli kuwa, inda ake iya zuba har adadin abin da ke tulin, yankan wuƙa ne. Tuli 10, ya zuba 10, in ka bi ya zama 30, kana buƙatar kashi 33. Hannu na biyu ya isa, na farko da 18 ɗinsa ko kusa. Ko da a kan ukun farko ne, kati biyu na nan tafe, kuma wannan zubin shi ne ƙarshen kuɗinka, damar A-2 ta ƙulla ƙasa kashi 59 ce, rabinta bai kai 30 ba. Neman ƙasa tsirara a gaban zubin cikakken tuli, ku biyu, ba shi da ranar riba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ko ƙasar ta riga ta ƙullu, kana riƙe da zakara, ba ka tsira ba. Tuli 10 ne a ukun farko, ƙasarka ta ƙullu, sama ba ka da komai. Ya zuba 10 ka bi, tuli 30. Kati na huɗu ya zuba 30 ka bi, tuli 90. Na ƙarshe ya zuba 90 ka bi, tuli 270. Ka zuba 130. In ka ci rabi an ba ka 135, ribar dala 5. In kuwa shi ma A-2 gare shi tare da hannun sama, shi ya ɗauki rabin sama da rabin rabin ƙasa, kai aka bar ka da 67.5, ka yi asarar 62.5. Ka sa 130 a wuta don neman 5. In hakan na faruwa ko da sau ɗaya cikin goma sha uku, ka faɗi. Kuma mutumin da ke cika tuli sau uku a jere a kan tebur mai ƙananan katuna, me kake zaton yana riƙe da shi?

Wannan ita ce kwata. Sunan ya dace da ita ta fuska biyu, domin wanda aka yi wa ita ya faɗa kwata da gaske. Kuma ba baƙuwa ba ce. Ana raba wa mutum hannu mai A da 2 kusan sau ɗaya cikin 16. In kai kana da ita a tebur mai mutum tara, kusan sau ɗaya cikin uku akwai wani cikin takwas ɗin da shi ma yake da ita, kuma a ƙaramin tebur babu mai ajiye A-2 kafin ya ga ukun farko. Koma kan misalinmu na tulin 32: in sau ɗaya cikin uku kwata za ka samu, 18 ɗin nan ya sauko zuwa 15. Har yanzu ka bi, amma ka ga yadda tazarar ke tsukewa.

Ni a jikina na koyi wannan. Farkon shigata wasan, wani dare a teburin 2/4, muka kai kati na ƙarshe mu uku, tebur 3♣ 6♦ K♠ 8♥ Q♣. Ina da A-2-9-J, zakaran ƙasa, sama kuwa fayau. Wani dattijo mai shiru-shiru ya zuba 4. Ni da zumuɗi na ƙara zuwa 8. Na bayana, wanda tun ukun farko bi kawai yake yi, ya ƙara zuwa 12, dattijon ya rufe a 16. Ko a lokacin ban farga ba, ina ta lissafin rabona a zuci. Aka buɗe: dattijo K biyu, na bayana A-2 irin tawa sak. A zagayen nan kaɗai kowa ya zuba 16, jimla 48, dattijo ya ɗauki 24, mu biyu 12-12. Mai rabo ya tsaya yana kasa ƙwaya gida biyu, ya sake kasa gida ɗaya biyu, ya turo mini ɗan tsibi. Dattijon bai ce uffan ba, ya dai gyara ƙwayoyinsa. Da na bi da 4 kawai, dala ɗaya zan rasa a zagayen. Ƙarin da na yi ya mai da ita huɗu, kuma ni da abokin wahalata muka yi ta tura wa mutum ɗaya kuɗi muna ganin gwaninta muke yi.

Ƙa'idar da ke ciki lissafi ce tsagwaronta. In za a yi maka kwata, kowace dala da ka ƙara, ku biyu za ta dawo maka rabi, ku uku kashi uku cikin huɗu, ku huɗu ta dawo daidai, sai kun kai biyar za ka ga riba. Saboda haka da zakaran ƙasa tsirara a cikin mutum uku, bi kawai. Akwai ma dalili na biyu. In akwai masu raunin hannu a bayanka, ƙarinka korar su zai yi, alhali kuɗinsu ne kaɗai ribarka. Mai sama rabinsa yana nan ko ka ƙara ko ba ka ƙara ba. Abin da kake ci daga aljihun na uku da na huɗu yake fitowa, masu bi da A-3 ko 2-4 ko wani guntun hannun sama. Ka bar musu ƙofa a buɗe, su shigo da arha.

Amma kada ka ɗauki wannan ya zama tsoro. Akwai inda zakaran ƙasa ke zama bulala. In kun rage ku biyu, kana da zakaran ƙasa da ɗan abin sama, ko da tagwayen kati ne masu matsakaicin girma, matsa masa. Mafi munin abin da ya saba faruwa shi ne ku raba. In ya ji tsoro ya ajiye, ka share tuli da hannun da rabi kawai ya cancanta. In shi ma A-2 gare shi amma samanka ya fi nasa, kai ne ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, shi ya faɗa kwatar. Haka nan in rabi ya riga ya tabbata a hannunka kuma kana neman fulash ko jere don ɗaya rabin, zuba iya abin da aka yarda, domin kai asara ta yi maka nisa, shi kuwa yana iya yin biyu babu. Wani lokaci ma a cikin mutum uku ƙari na da amfani: in samanka matsakaici ne kuma kana ganin zubi biyu zai sa mai ɗan fin ka ya ajiye, ka sayi rabin sama da kuɗin zubi ɗaya. Abin tambaya kullum shi ne wa kake so ya fita, wa kake so ya zauna.

Sai la'ada, wadda ba ka ambata ba amma tana cikin amsarka. A intanet gidan wasa kan cire wajen kashi 5 cikin 100 na tuli har zuwa wata iyaka, a ɗakunan karta na Amurka kuwa an saba da kashi 10 har zuwa 'yan daloli. A babban tebur iyakar nan ba komai ba ce a kan girman tuli. A 2/4 kuwa yawancin tuli bai wuce iyakar ba, don haka kusan cikakken kason ake cira. Ku biyu kun zuba 20-20, an cire 2, kowa ya karɓi 19. Kun ci ku duka, kun yi asara ku duka, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya sa hannun da lissafi ya nuna yana kan iyaka, ba riba ba asara, a ƙaramin tebur asara ne. Kuma shi ya sa in aka haɗa 'yan tebur gaba ɗaya, abin da suka tashi da shi kullum bai kai abin da suka zauna da shi ba. Kada ka zauna da kuɗin da rashinsu zai hana ka barci.

Akwai wata ɓarakar kuma, lalacewar ƙasa. Kana da A-2, tebur 4-7-5, zakara ne kai. Kati na gaba ya zo 2. Ƙasarka tana nan, 7-5-4-2-A, amma yanzu mai A-3 ya haɗa A-2-3-4-5, kai ka koma baya. Kashi 59 ɗin da na ambata a baya na ƙulla kowace irin ƙasa ne. Damar ka kai ƙarshe kana zakara, daga ukun farko irin 4-7-K, kashi 49 ce kawai. Yanzu sa 3 a hannun, A-2-3. Duk wanda ya faɗo cikin A, 2 ko 3, sauran biyun sun rufa maka asiri, har ma su ne ke ƙulla ƙasar. Katunan cetonka sun tashi daga 16 zuwa 21, damar ƙulla ƙasa ta zama kashi 72, ta zama zakara 69. Daga 49 zuwa 69 saboda kati ɗaya. Shi ya sa A-2-3 da A-2-4 suka yi wa A-2-9-J nisa, ko da yake sabon shiga duk A-2 yake gani.

Wani bin da nake so ka daina tun yau shi ne na ukun farko mai ƙaramin kati ɗaya, kamar 5-K-Q. Kana buƙatar katunan biyu da suka rage duka su zo ƙanana, mabambanta, ba A ba, ba 2 ba, ba 5 ba. Kashi 16 ne, don rabin tuli, wato 8. Ga shi kuma in na huɗu ya zo daidai, sai ka sake biyan babban zubi kafin ka ga na ƙarshe. In babu abin sama a hannunka, ajiye. In ukun farko babu ƙaramin kati ko ɗaya, ƙasa ta mutu a wannan rabon, A-2 ɗinka takarda ce.

Daga nan zaɓen hannun farawa ya fito da kansa. Kana son katuna huɗu masu aiki tare, masu iya cin gida biyu. A ita ce uwar wasan, domin ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasa kuma mafi girma a sama, in kuma ta zo da wani kati mai alama irin tata, ga hanyar zakaran fulash. A-A-2-3 mai alama biyu-biyu shi ake ɗauka a matsayin hannun da ya fi kowanne. A-3 tana wasa in tana da mataimaka, amma ka sani in 2 ba ta faɗo a tebur ba kai na biyu ne, kuma a tebur mai mutum tara kusan sau biyu cikin biyar an raba wa wani A-2. 2-3 kuwa baiwar A ce, in A ba ta fito ba ba ta da 'yanci. Manyan katuna huɗu masu jere, irin K-Q-J-10, ana iya shiga da su da arha, musamman in kai ne na ƙarshen magana, domin a tebur marar ƙasa su ke share tuli, kuma tulin cike yake da kuɗin masu neman ƙasa. In ukun farko ya zo da ƙanana biyu ko uku, ka sake su ba tare da jayayya ba.

Guba ita ce katunan tsakiya, 6-7-8-9 da danginsu. A Omaha ta sama kaɗai hannu ne mai kyau, shi ya sa masu sauya sheƙa ke ƙaunarsa. A nan, in ya ƙulla jere da ƙananan katuna, ƙasa ta riga ta fito, rabi kake nema. In ya ƙulla da manya, kai ne a gindin jeren, wani na samanka. Ƙasarsa kuwa ba ta buge kowa. Hannu ne da ke cin rabi in ya yi sa'a, ya rasa duka in bai yi ba.

Game da halin ƙananan tebura, ba sai na tsawaita ba. Mutum biyar ko shida ke ganin ukun farko, ba sa son ajiyewa, ba sa yawan ƙari. Ruɗu da hannun banza ba ya tasiri a kan mutum huɗu da kowanne ke jin yana da rabi. Amfanin taron shi ne tuli na girma har neman zakara ya samu farashi mai kyau. Illarsa kuma, in mutum shida na riƙe da kati 24, abin da tebur ya ba da dama galibi yana hannun wani. Fulash mai Q, ƙasa ta biyu, jeren gindi, duk hannayen biyan kuɗi ne. In mai bi-bi ɗin nan da bai taɓa ƙari ba ya ɗaga zubi a kati na ƙarshe, ka yarda da shi.

Wasan bai tsufa sosai ba. A 1982 Omaha ta shiga Las Vegas, a gidan Golden Nugget, nau'in rabon tuli kuma ya samu gindin zama har ya zama harafin O a gaurayen wasannin da ake kira HORSE, wanda ɗan wasa Chip Reese ya ci gasarsa mai kuɗin shiga dala 50,000 a WSOP, babbar gasar poker ta duniya, ta 2006. Harafin E na ƙarshe shi ne ɗan'uwansa, Stud mai kati bakwai da rabon sama da ƙasa. In ka taɓa shi, lissafin rabin kati bai canza ba. Bambancin shi ne babu katin tarayya, kuma kana ganin wasu katunan abokan wasa a buɗe, don haka kana cire waɗanda suka riga suka fita daga ƙirgenka. A can ma mai farawa da ƙanana uku yana iya ƙarewa da jere ko fulash ya ci gida biyu, mai farawa da K biyu kuwa kusan kullum rabi yake karewa.

Abu biyu na tebur kafin in bar ka. In tuli bai rabu daidai ba, ƙwayar da ta yi saura ta mai sama ce. Kuma in ka kai ƙarshe ka biya, a teburin gaske ka shimfiɗa katunanka huɗu a buɗe, mai rabo ya karanta. Dokar biyu daga hannu, uku daga tebur tana ruɗa har tsofaffin hannu. Na sha ganin mai A♥ guda yana murnar fulash don zuciya huɗu na tebur, na kuma ga wanda ya jefar da hannu yana cewa an lalata masa ƙasa, alhali katinsa na uku ya riga ya cece shi bai lura ba.

Don ka ga ɓarakarka da idonka, zama goma masu zuwa ka riƙe 'yar takarda. Duk tulin da ka kai ƙarshe, rubuta abin da ka zuba, abin da ka karɓa, da ko duka ne, kashi uku cikin huɗu, rabi, kwata ko babu. A gefe kuma ka sa alama a duk inda ka bi a kati na huɗu ba ka da komai a sama. Daga yadda ka bayyana wasanka, ina zaton layin rabi zai fi kowanne tsawo kuma jimlarsa ta tsaya kusa da sifiri, kuɗin da kake nema kuwa za ka same su a ƙarƙashin alamomin nan na gefe.